Distrofin: furotin ɗin da rashinsa ke cinye tsokar 'ya'ya maza

A cikin garin Bauchi da ƙauyukan da ke kewaye da shi, idan yaro ya kai shekara huɗu ko biyar yana yawan faɗuwa, ba ya iya bin sa'o'insa da gudu, yana tafiya yana rangaji, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne shan inna. Idan aka duba aka ga an ɗiga masa rigakafi tun yana jariri, sai zancen ya karkata zuwa iska ko sammu, daga nan a shiga yawon neman magani har abin hannu ya ƙare. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, amma yaran da ƙafafunsu ke mutuwa sannu a hankali ba su ƙare ba, domin wasunsu babu wata ƙwayar cuta da ta shige su daga waje. Abin da ya same su shi ne jikinsu ba ya ƙera wani furotin guda ɗaya mai suna distrofin, wanda aikinsa shi ne riƙe zaren aktin a cikin tsoka. Wanda ya san inda wannan furotin yake zaune da abin da yake riƙe da shi zai fahimci kusan duk abin da ke samun irin waɗannan yara, tun daga kaurin sharaɓarsu har zuwa gajiyar zuciyarsu, zai kuma gane abin da za a iya yi musu a nan gida ba tare da an jira maganin miliyoyin daloli ba.

Aktin yana daga cikin furotin ɗin da suka fi yawa a jikin ɗan Adam. Wani masani ɗan ƙasar Hangari, Brunó Straub, shi ne ya fara ware shi daga tsoka a shekarar 1942. Ƙananan dunƙulen aktin suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya su zama zare, kuma da wannan zaren ne ƙwayar halitta take tsayar da siffarta, take motsi, take rabuwa gida biyu. A cikin tsoka zaren aktin yana zamewa a jikin wani zare mafi kauri da ake kira mayosin, kuma tun 1954 aka gano cewa wannan zamewa ita ce ke sa tsoka ta tsuke ta ja ƙashi. Sai dai aktin ba ya iya tsara kansa da kansa. Akwai furotin sama da ɗari da ke kama shi, wasu su yanke shi, wasu su toshe bakinsa kada ya ƙara tsawo, wasu su ɗaure shi dami-dami, wasu kuma su kafe shi a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayar. Distrofin yana cikin rukuni na ƙarshe.

Zaren tsoka ƙwaya ce doguwa wadda tantani siriri ƙwarai ya lulluɓe, kuma duk takun da mutum ya yi sai wannan ƙwaya ta tsuke ta kuma miƙe da ƙarfi. Ƙarfin da ake haifarwa a ciki dole ne ya ratsa tantanin ya isa ga sassan da ke waje, in ba haka ba babu abin da zai motsa, kuma dole ne ya ratsa ba tare da ya keta tantanin ba. A nan distrofin yake shigowa. Yana kwance a ƙarƙashin tantanin daga ciki, dogo ne mai ɗauke da ƙwayoyin amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, guda 3,685, kuma yana da sassa huɗu. Kansa yana damƙe da zaren aktin da ke shimfiɗe ƙarƙashin tantanin, wanda shi kuma yake haɗe da injin tsukewar da ke can ciki. Tsakiyarsa gaɓoɓi ne 24 masu kama da juna, da wuraren lanƙwasa guda huɗu, waɗanda ke miƙewa su dawo, ta haka suke shanye fizgar da za ta iya yaga tantanin. Kusa da ƙarshensa akwai sashen da ke kama wani furotin mai suna distroglaikan, wanda ya huda tantanin ya fita waje ya riƙe laminin, wato furotin ɗin shimfiɗar da ke kewaye da kowane zaren tsoka. Wutsiyarsa kuwa tana tara wasu furotin masu isar da saƙo. Ɗakin binciken Kevin Campbell a Jami'ar Iowa ta Amurka ne ya fayyace wannan tarin furotin a wajajen 1990. Abin da ya fi ba ni mamaki a duk lamarin shi ne ƙarancinsa: distrofin bai wuce kashi 0.002 cikin ɗari na furotin ɗin da ke cikin tsoka ba, amma idan babu shi, sauran duka ba sa iya kare tsokar daga lalacewa.

Yaron da ba shi da distrofin ana haihuwarsa da tsoka mai aiki, domin aktin da mayosin ɗinsa lafiya suke, kuma wannan ne ke ruɗar iyaye daga baya, su ce ai da lafiyarsa aka haife shi, wani abu ne ya same shi. Ɓarnar tana taruwa ne da amfani. Duk tsukewa tana barin ƙananan yagewa a jikin tantanin, musamman a lokacin da tsoka take riƙe da nauyi tana kuma miƙewa, kamar wajen sauka daga matakala ko gangara. Ta waɗannan ƙofofi sinadarin kalsiyam yake kwarara ciki fiye da kima, ya tayar da sinadaran da ke narkar da furotin, ya lalata sassan da ke samar wa ƙwayar makamashi, har zaren ya mutu. Ta nan kuma abin da ke ciki yake yoyowa zuwa jini. Jiki ba ya zuba ido, domin a gefen kowane zare akwai ƙwayoyin ajiya da ke farkawa su gina sabo, amma sabon ma ba shi da distrofin, saboda haka shi ma haka zai yage. Shekara da shekaru ana rushewa ana ginawa, ƙwayoyin garkuwar jiki suna ta taruwa a wurin suna haddasa kumburi, har gyaran ya gaza, kitse da tabo su maye gurbin tsoka. Wannan shi ne sirrin sharaɓar yaron, wato tsokar bayan ƙwaurinsa, wadda take yin kauri da tauri har a riƙa yaba masa ƙarfi, alhali yawancin abin da ya cika ta ba tsoka mai aiki ba ne. Akwai kuma wata asara ta daban: gaɓa ta 16 da ta 17 na distrofin suna riƙe da sinadarin da ke sa jijiyoyin jini su buɗe yayin da tsoka ke aiki, don haka idan ya ɓace, tsokar tana aiki ne da ƙarancin jini a daidai lokacin da ta fi bukatarsa.

Wani likitan Ingila, Edward Meryon, ya bayyana ciwon a farkon shekarun 1850, amma sunan da ya bi shi na likitan Faransa ne, Guillaume Duchenne, wanda ya yi cikakken bayaninsa a 1868. Yaron yakan yi jinkirin fara tafiya, wani lokaci har da jinkirin magana. Tsokokin ƙugu da cinya ne ke fara raunana, shi ya sa yake tafiya yana karkata dama da hagu, cikinsa a ture gaba, bayansa a lanƙwashe, sau da yawa kuma a kan yatsun ƙafa saboda agararsa ta ɗaure. Alamar da ta fi kowace bayyana ita ce wadda William Gowers ya siffanta a 1879: idan yaron zai tashi daga ƙasa, sai ya kifa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗaga ƙugu, sannan ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawa jikinsa da hannayensa har ya miƙe. Mu da muke zama a tabarma, muke tsugunno a bayan gida, muke koya wa yara salla tun suna shekara bakwai, mun fi kowa damar ganin wannan alama da wuri. Malamin allo ko na Islamiyya da ya lura cewa wani almajirinsa kullum sai ya dafa cinyoyinsa kafin ya taso daga sujada, ya ga abin da likita zai nema a ɗakin duba marasa lafiya. Bambancinsa da shan inna kuwa a fili yake. Shan inna yana zuwa ne farat ɗaya, galibi bayan zazzaɓi, yakan fi kama ƙafa ɗaya, ƙafar ta sirance, sannan ya tsaya inda ya tsaya. Ciwon Duchenne yana kama ɓangarorin biyu daidai, ba ya zuwa da zazzaɓi, kuma kowace shekara yaron yana rasa wani abin da yake iyawa bara. Idan babu magani, yawancinsu sukan daina tafiya tsakanin shekara 10 zuwa 12.

Umarnin ƙera distrofin yana rubuce a wata ƙwayar gado da ke kan kuromosom X, ɗaya daga cikin kunshin gadon da ke cikin ƙwayoyin halittarmu, kuma tana cikin mafi girma da aka sani a jikin mutum, mai haruffan gado sama da miliyan biyu. Sassan da ake karantawa a cikinta guda 79 ne, a warwatse tsakanin dogayen filayen da ake yankewa a zubar, kuma kwafe ta sau ɗaya yana ɗaukar ƙwayar halitta kimanin awa 16. Saboda waɗannan sassa 79 ne aka zaɓi ranar 7 ga watan 9, wato Satumba, ta zama ranar wayar da kai kan ciwon a duniya. Louis Kunkel da abokan aikinsa a birnin Boston ne suka gano ƙwayar gadon a 1986, a shekara mai zuwa kuma shi da Eric Hoffman suka gano furotin ɗin kansa suka raɗa masa suna. Girman nan nata shi ne rauninta, domin duk abin da ya yi tsawo haka ya fi saurin samun kuskure wajen kwafewa. Kusan kashi biyu cikin uku na masu ciwon wani yanki ne ya gutsure ya ɓace, wasu yanki ne ya maimaitu, sauran kuma kuskure ne na harafi ɗaya ko 'yan kaɗan. A duniya ana samun ciwon a kusan ɗa namiji ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000 da aka haifa, ba tare da ya zaɓi ƙabila ba. Jihar Bauchi, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da miliyan 4.6, kuma ta ci gaba da haihuwa tun daga lokacin, babu makawa tana da irin waɗannan yara a Azare da Misau da Ningi da Toro da cikin birnin Bauchi, ko an rubuta sunan ciwonsu a katin asibiti ko ba a rubuta ba.

Yadda ake gadonsa yana bukatar a tsaya a kansa, domin a nan ne ake zaluntar mata. Namiji yana da X ɗaya, wanda ya samo daga mahaifiyarsa, mace kuwa tana da biyu. Idan ɗaya daga cikin na mace yana da matsala, ɗayan yakan rufa mata asiri, ta rayu lafiya ba ta san tana ɗauke da komai ba. A kowane ciki, ɗan da za ta haifa namiji yana da rabin yiwuwar samun ciwon, 'ya mace kuma tana da rabin yiwuwar zama mai ɗauke da shi. A gidan da ke da mata biyu ko uku, sai a ga 'ya'yan ɗaki ɗaya ne ke kwantawa, na sauran ɗakunan suna guje-gujensu, kuma kowa ya san inda zargi zai dosa: ko dai a ce kishiya ce ta yi hannu, ko kuma dangin miji su ce matar ce ta shigo musu da mugun iri. Na farkon ƙazafi ne a kan wadda ba ta ji ba ta gani ba. Na biyun kuma ya manta cewa babu wanda ya zaɓi abin da ya gada, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon sabon kuskure ne da ya auku ba tare da an taɓa ganinsa a dangin kowa ba. Tambayar da ke da amfani ita ce wadda likita zai yi wa uwa: a cikin 'yan'uwanki maza ko kawunnanki na wajen uwa, akwai wanda ya daina tafiya yana yaro ya rasu yana matashi? Ya kamata kuma a sani cewa gwajin jinin da aka saba yi kafin aure saboda sikila ba ya nuna wannan ciwo, kuma auren zumunci ba shi ne ke jawo shi ba.

A 1955 wani likitan Jamus, Peter Emil Becker, ya bayyana wani ciwon mai kama da wannan amma mai sauƙi, wanda masu shi sukan ci gaba da tafiya har su girma, wasu su yi aure su haihu. Da aka gano ƙwayar gadon sai aka tarar cewa ciwukan biyu daga wuri ɗaya suke, har ma wani mai ciwon Becker ya fi mai ciwon Duchenne rasa babban yanki. Anthony Monaco da abokansa ne suka warware wannan ɗaurin a 1988. Jiki yana karanta haruffan gado ne uku-uku. A ɗauki wannan jimla wadda kowace kalmarta haruffa uku ce: YAU ALI ZAI KAI MAI CAN. Idan aka cire haruffa uku cif, wato ALI, abin da ya rage shi ne YAU ZAI KAI MAI CAN, an yi asara amma ana fahimta. Idan kuwa haruffa biyu kawai aka cire, A da L, aka ci gaba da karantawa uku-uku, sai a samu YAU IZA IKA IMA ICA N, wanda ba ya nufin komai. A ciwon Becker yankin da ya ɓace bai karya lissafin uku-uku ba, don haka ana ƙera distrofin gajere wanda kansa yana kama aktin, ƙarshensa yana kama distroglaikan, tsakiyarsa ce kawai ta ragu. A ciwon Duchenne lissafin ya karye, karatun ya tsaya a hanya, kuma guntun da aka ƙera ba shi da ƙarshen da zai kama tantani, sai jiki ya watsar da shi. A 1990 masu bincike a Ingila suka ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 61 wanda ya rasa kusan kashi 46 cikin ɗari na umarnin furotin ɗin, duk daga tsakiya, amma yana tafiya da ƙafarsa. Daga wannan mutum aka fahimci cewa bakin nan biyu su ne ginshiƙin aikin, kuma kusan duk sababbin magungunan yau a kan wannan fahimta aka gina su.

Zuciya ma tsoka ce, ita ce kuma wadda ba ta hutawa, don haka rashin distrofin yana cin ta a ɓoye. Saboda yaron yana zaune a keken guragu ba ya wahalar da ita, alamun gazawarta ba sa fitowa sai ta yi nisa. A ciwon Becker wani lokaci zuciyar ce ke fara gazawa tun ƙafafu suna da ƙarfi, kuma wasu daga cikin mata masu ɗauke da ciwon su ma zuciyarsu takan raunana, abin da ya sa uwar yaron take bukatar a duba tata zuciyar, ba a bar ta a matsayin mai jinya kawai ba. Tsokokin numfashi suna bin baya, ƙashin baya yana karkacewa ya matse huhu, tari ya rasa ƙarfin fitar da majina, mura ƙarama ta zama ciwon huhu. Ƙwaƙwalwa tana ƙera wasu gajerun nau'o'in distrofin daga ƙwayar gadon nan, shi ya sa kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran suke da wahalar koyo. Wannan ɓangaren ba ya ƙaruwa da shekaru, kuma da yawa daga cikinsu basirarsu daidai take da ta kowa, don haka cire yaro daga makaranta saboda ya daina tafiya asara ce a kan asara.

Distroglaikan ɗin da distrofin ke riƙewa yana da wani labari da ya shafe mu kai tsaye. A 1998 aka gano cewa ɓangarensa na waje shi ne ƙofar da ƙwayar zazzaɓin Lassa take kamawa ta shiga ƙwayoyin jikin mutum, wato ciwon da aka fara ganewa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, wanda kuma Bauchi take cikin jihohin da suka fi fama da shi duk rani. A shekarar ce kuma aka nuna cewa ƙwayar kuturta tana amfani da laminin da distroglaikan wajen manne wa jijiyoyi. Ba ana nufin ɗaya ciwon yana jawo ɗaya ba ne, abin lura shi ne ginin da ke kare tsoka shi ne wanda waɗannan ƙwayoyin cuta suka koyi kamawa. A cikin tarin furotin ɗin da ke haɗe da distrofin kuma akwai wasu furotin da ake kira sarkoglaikan, waɗanda lalacewarsu ke haifar da ciwo mai kama da na Duchenne sak, amma yana kama maza da mata. Likitan Tunisiya Mongi Ben Hamida ya bayyana shi a 1983 a iyalan ƙasarsa. Shi wannan sai an gaje shi daga uwa da uba duka, don haka a nan auren zumunci yana da tasiri, kuma yarinyar da ta zo da irin waɗannan alamu bai kamata a sallame ta da cewa ciwon na maza ne ba.

Matakin farko na gano ciwon ba shi da tsada. Sinadarin da ya fi yoyowa daga tsokar da ta yage shi ne wanda ake aunawa da gwajin CK, kuma a jikin waɗannan yara yakan ninka na mai lafiya sau goma har zuwa ɗari, tun daga haihuwa, tun kafin a ga wata alama. Gwaji ne na jini da ya kamata a nema a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe ga duk yaro namijin da ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, ko yake tashi yana dafa cinya. Akwai wani tarko da ya kamata ma'aikatan lafiya su kiyaye: sinadaran ALT da AST, waɗanda ake ɗauka a matsayin ma'aunin hanta, su ma suna cikin tsoka, suna kuma hauhawa a wannan ciwo. A yankin da ciwon hanta ya yi yawa kamar namu, abu ne mai sauƙi a shafe watanni ana bin hantar da lafiyarta ƙalau. Tabbatarwa ta ƙarshe sai da gwajin ƙwayar gado, wanda ke nuna ainihin sassan da suka ɓace, kuma da shi ne ake duba uwa da 'yan'uwa mata, domin gwajin CK ba ya kama duk mace mai ɗauke da ciwon.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da shi, amma tsakanin warkewa da zuba ido akwai fili mai faɗi. Firednisolon, wanda ake samu a kusan kowane kantin magani, idan likita ya auna shi da nauyin yaro, galibi miligiram 0.75 ga kowane kilo a rana, yana rage kumburin da ke cin tsoka, yana ƙara wa yaro shekara biyu ko uku yana tafiya, yana jinkirta karkacewar baya da raunin numfashi. Yana da illoli na gaske, irin su ƙiba, raunin ƙashi, hawan jini, hawan suga da raunin garkuwar jiki, shi ya sa ake bukatar a duba tarin fuka a kuma kammala rigakafi kafin a fara, kuma wanda ya daɗe yana sha ba ya dainawa farat ɗaya, domin hakan na iya kashe shi. Ba magani ba ne da uba zai saya a kemis da shawarar maƙwabci. Likitocin gashin ƙashi suna koya wa iyaye miƙar da agara da gwiwa kullum da sanya takalmin dare da ke hana ƙafa ɗaurewa, tare da guje wa motsa jiki mai tsanani, domin tilasta wa yaron gudu ko ɗaukar kaya da sunan ƙarfafa shi yagewar yake ƙarawa. Magungunan hawan jini irin su lisinofiril, idan aka fara su a wajajen shekara goma tare da hoton zuciya duk shekara, suna jinkirta gazawarta. Idan numfashi ya fara rauni, alamarsa ciwon kai da safe da yawan barcin rana, abin da ake bukata shi ne na'urar da ke tura iska cikin huhu da dare, domin iskar oksijin ita kaɗai tana iya sa gurɓatacciyar iska ta taru a jini. Da irin wannan kulawa ne ciwon da a da yake kashewa kafin shekara 20 ko jim kaɗan bayanta ya zama ana kai shekara 30 da shi a ƙasashen da suka tsara ta. A wurinmu na'urar dare tana nufin wutar da ba ta yankewa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa masu hannu da shuni da ƙungiyoyin zakka su san inda batir da faifan sola za su yi amfani.

Akwai gargaɗi ɗaya da nake ganin ya kamata a rubuta wa kowane irin wannan yaro a kati ya riƙa yawo da shi. Allurar suksametoniyam da ake sassauta tsoka da ita wajen tiyata, da iskar sa barci irin su halotan, suna iya farfasa tsokar da ba ta da distrofin a lokaci ɗaya, sinadarin fotasiyam ya malalo cikin jini ya tsayar da zuciya. An sha gano ciwon a karon farko ta wannan mummunar hanya, a jikin yaron da aka kai ƙaramar tiyata ba wanda ya san yana da shi. Akwai wasu magungunan sa barci da ba su da wannan haɗari, matuƙar an sanar da likita tun da wuri.

Sababbin magungunan kuwa iri biyu ne suka fi shahara. Na farko yana sa jiki ya tsallake wani sashe ɗaya yayin karatu domin lissafin uku-uku ya dawo daidai, wato a mayar da ciwon Duchenne ya koma kusa da na Becker. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na farkonsu, eteplirsen, a 2016, mai tsallake sashe na 51, wanda ya dace da kusan kashi 13 cikin ɗari na masu ciwon. Ana ƙara shi ta jijiya duk mako har tsawon rai, kuɗinsa ɗaruruwan dubban daloli ne a shekara, distrofin ɗin da yake samarwa kaɗan ne ƙwarai, kuma hukumar Turai ta ƙi amincewa da shi. Na biyu yana ɗora ƙwayar gado a kan wata ƙwayar bairos marar cutarwa ta kai ta cikin tsoka, amma bairos ɗin haruffa kusan 4,700 kawai yake iya ɗauka, alhali umarnin distrofin ya kai 11,000, don haka aka ƙera taƙaitacce mai riƙe da kan da ke kama aktin da ƙarshen da ke kama tantani. An amince da wani irin wannan magani mai suna Elevidys a Amurka a watan Yunin 2023 a kan dala miliyan 3.2 ga allura ɗaya. Babban gwajin da aka yi masa bai cimma babban ma'aunin da aka sa masa ba, a 2025 kuma samari biyu da suka riga suka daina tafiya suka rasu sakamakon gazawar hanta bayan an yi musu shi. Ina ganin wajibi ne a faɗi wannan a fili, domin iyayen da suka ji labarin a intanet suna iya sayar da gona da gida a kan abin da masu shi ma ba su gama tabbatar da amfaninsa ba.

Duk da haka waɗannan magunguna suna nuna wani giɓi da ya rage namu mu cike. Kowannensu ya dogara ne da sanin ainihin sashen da yaro ya rasa, kuma masu gwajin sababbin magunguna suna neman majiyyata ne ta hanyar rajistar da ke ɗauke da wannan bayani. Asibitocin koyarwa na Bauchi da Gombe, waɗanda ke karɓar marasa lafiya daga sassa da dama na Arewa maso Gabas, suna da likitocin yara da na zuciya da na gashi da za su iya haɗa asibitin rana ɗaya a wata domin waɗannan yara, su buɗe rajista, su kuma ƙulla yarjejeniya da ɗakin gwajin da zai karɓi jini ya duba sassan nan 79. Sakamakon gwajin yaro ɗaya yana amfanar mahaifiyarsa da ƙannenta da 'yan'uwansa mata, waɗanda za su san matsayinsu kafin aure, a kuma fara duba zuciyar waɗanda aka samu suna ɗauke da shi.